Wai meye amfanin digiri a kan yis?

To Malam mai barkwanci, mun ji. Yarinya ta yi rubutu a kafar sada zumunta ta ce za ta yi digiri na uku a kan yadda ƙwayar yis ke rabuwa biyu, kai kuma ka ce gara ta je ta buɗe gidan burodi, ko ta kafa kasko tana suyar fanke a bakin titi. Mabiyanka suka yi ta tafi. Sannunku da hikima! Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kai ɗin ma har da digirinka.

Yis ɗin nan da kake rainawa, shi ya taimaka wa duniya ta gane yadda ciwon daji ke farawa. Yis fa, na burodi.

Wajen 1970, masanin kimiyya Leland Hartwell a Jami'ar Washington ta Amurka ya tara ƙwayoyin yis masu naƙasa a ƙwayoyin gadonsu. A sanyi-sanyi suna rabuwa lafiya lau, da an ƙara musu zafi sai su cije. Ya leƙa madubin ƙara girma ya ga kowane iri a wuri guda yake tsayawa: wannan bai ko fitar da ɗan tsiron da zai zama sabuwar ƙwaya ba, wancan ya fitar amma ya kasa rabuwa da shi. Ta haka ya riƙa zaƙulo ƙwayoyin gadon da ke ba da izinin rabuwa, ɗaya bayan ɗaya. Wani masanin kuma, Paul Nurse, a birnin Edinburgh na Birtaniya ya ɗauki wani nau'in yis daban, ya lura da wasu 'yan mitsi-mitsi da ke gaggawar rabuwa tun ba su gama girma ba. Bin sawunsu ya nuna masa cewa ƙwayar gadon da ake kira cdc2 ce ke riƙe da ragamar.

Ga inda nake son ka daina dariyar. A 1987, Nurse da abokiyar aikinsa Melanie Lee suka ɗauki yis ɗin da cdc2 ɗinsa ta lalace, suka zuba masa ƙwayoyin gado na ɗan Adam. Ɗaya daga ciki ta kama aiki, yis ya ci gaba da rabuwa kamar ba a taɓa shi ba. Wato abin da ke sarrafa rabuwar ƙwayoyin jikinka, Malam, shi ne dai a jikin yis. Allah mai iko. Cutar daji kuwa ai motar da birkinta ya tsinke ce, ƙwaya ta yi ta rabuwa babu mai tsawata mata. A 2001 aka ba Hartwell da Nurse da wani masanin, Tim Hunt, kyautar Nobel. A 2015 Amurka ta amince da palbociclib, maganin sankarar mama da ke toshe sinadarai 'yan gida ɗaya da wanda cdc2 ke samarwa. Daga yis aka faro.

Na san abin da za ku ce: mu yunwa da zazzaɓin cizon sauro ne damuwarmu. Naji. Sai ku je asibitin koyarwa ku gaya wa matan da ke layin gashin sankara cewa cutar daji ba damuwarmu ba ce. Wani kuma zai ce ai su Turawa kuɗi gare su. Yis nawa yake? Cikin awa biyu ya ninka kansa, sukari ne cimarsa. Ga arha, ga sauƙin aiki.

Wallahi tausayin yarinyar nan nake ji. Ba ta roƙi kowa sisi ba, tambaya ce ta dame ta take son amsa. Ƙanwata, kada ki goge rubutunki.

Af, shi Nurse ɗin ma, sau shida yana faɗuwa jarrabawar Faransanci, jami'o'i suka ƙi ɗaukarsa, ya koma aiki a ɗakin gwaji na kamfanin Guinness. Sai da wani farfesa a Jami'ar Birmingham ya tsaya masa aka ɗage sharaɗin. Mu a nan, yaro ya ci kimiyya kaf amma ya rasa kiredit a Turanci, shi ke nan, sai ya sake zaman WAEC, ko a saya masa Keke Napep. Wa zai tsaya masa? Magatakarda ko kallon takardunsa ba zai yi ba.