Masu haɗa sola, ku ji tsoron Allah

A Jega da Argungu yanzu duk wanda ya iya riƙe filaya ya zama mai haɗa sola, kuma abin yana ci min tuwo a ƙwarya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareto ya gagari talaka, wutar layi kuwa sai ta ga dama. Mutum ya sayar da akuyarsa ya koma sola, kafin shekara batir ya mutu.

Lissafi ne ba a yi. Batir na ruwa mai 200Ah na 12V yana ɗaukar wat-awa (ma'aunin yawan wutar da yake ajiyewa) 2,400, amma rabi kawai ake so a sha, wato 1,200. Fanka ɗaya mai wat 70 in ta yi awa takwas ta cinye 560. Fanka biyu sun kusa gamawa da shi, ba a zo kan firji ba. Sai kuma a ɗora masa faifan sola ɗaya mai wat 150, wanda ko rana ta ƙwalle da ƙyar zai ba da 600 a yini. Kullum batir da yunwa yake kwana, yaya ba zai mutu ba?

Wasu ma batirin mota suke sakawa, babu kwantirola (na'urar da ke daidaita cajin batir), da siririyar waya da ke ɗaukar zafi. A cusa shi ɗakin kwano da bazara, zafi ya haura digiri 40, ruwansa ya ƙafe, ba wanda ya ce wa mai gida ya ƙara ruwan batir. Ko goge ƙurar faifan da sassafe lokacin hunturu ba sa faɗa masa.