Tsutsar da ke ƙirga kafin ta zama namiji

Jiya a garkar kawuna a Jiratawa muka tumɓuke tumatin da ya yi yaushi, saiwarsa duk ƙulli-ƙulli. Kawu ya ce ƙasa ce ta gaji. Na ce, "Kawu, ku gafarce ni, tsutsa ce, ido ne ba ya ganinta." Da na ƙara da cewa akwai masanan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna binciken yadda danginta ke zama maza ko mata, sai ya ce wannan aikin ƙosassu ne. Maganar ta tsaya mini a rai, don ban yarda ba.

Akwai wata ƴar tsutsa, C. elegans, tsawonta milimita 1. Bincike a kanta ya ba Sydney Brenner da abokansa biyu kyautar Nobel a 2002. Mu mutane, ƙwayar gado ta Y daga uba ke kawo namiji. Ita ba ta da Y ko kaɗan, jikinta ƙirga ƙwayar gado ta X yake yi. In biyu ne, ta fito mata-maza, ta yi ƙwai da maniyyinta, ta haifi ƴaƴa wajen 300 ita kaɗai. In ɗaya ne, namiji, kuma da wuya a samu ɗaya cikin 500. Ƙirgar nan ke kunna wani makunnin gado mai suna xol-1 ko ta kashe shi, saƙo ya bi hannu-hannu har ga wani makunnin, tra-1, mai yanke hukunci. A lalata tra-1 kawai, mai X biyu ta koma namiji. Ikon Allah!

To ga inda abin ya shafe mu. Ƴar'uwarta mai ƙulla saiwar tumati, Meloidogyne, matanta ne masu ɓarna: su ke maƙalewa cikin saiwa, su kumbura ta, kowace ta zuba ɗaruruwan ƙwai, galibi ba tare da namiji ba. Mazan ficewa suke. Kuma in cunkoso ya yi yawa ko abinci ya ƙaranta, da yawa cikin ƙananan maza suke zama. Ashe wanda ya gano makunnin nan, yana iya juya su maza da gangan, ƙwai ya ragu ba a zuba guba ba.

Shi ya sa nake jin ciwo in an raina ɗalibin da ke leƙen tsutsa a madubin bincike. Muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, muna da cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna. A ba yaran nan kayan aiki, a kai musu saiwar Jiratawa. Ta kawu tana nan na ƙunshe a leda, Litinin zan kai.