Horon jiki ya fi ƙwayar amai, a kumbo ko a hanyar Alkaleri

Gherman Titov na Tarayyar Soviet ne ɗan sama jannati na farko da ya yi amai a sararin samaniya, a 1961. Har yau fiye da rabin masu zuwa can suna fama da jiri da tashin zuciya a kwana biyu zuwa uku na farko. Matsalar daga kunne take. A can cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi kamar tsakuwa masu shaida wa ƙwaƙwalwa ina ne ƙasa. Inda babu nauyi sai su rikice, ido ya faɗi abu ɗaya, kunne ya faɗi wani, ciki ya juya.

Maganin da aka saba bayarwa shi ne promethazine, wanda matafiya ke saya a kemis kafin su shiga mota daga Bauchi zuwa Gombe ta hanyar Alkaleri. Yana aiki, amma yana kawo barci da kasala, mai tuƙa kumbo kuwa ba shi da damar yin barci a bakin aiki.

Shi ya sa nake ganin hanyar horon jiki ta Patricia Cowings, masaniyar kimiyya ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta fi. Awa 6 ne horon, zama 12 na minti 30. Ana maƙala wa mutum na'urori masu auna bugun zuciya, numfashi, zufar tafin hannu da gudun jini a yatsa, yana kallon lambobin a allo. Sai ya koyi ɗaga su da sauke su da gangan, ta sassauta numfashi da tunanin ɗumi a hannu. Daga nan a ɗora shi kan kujera mai juyawa yana karkata kai, a ga ko zai jure fiye da da. Allon nan shi ne ginshiƙin abin, domin jiki kan fara zufa tun kafin mai shi ya ji tashin zuciya. Wanda ya jira sai yawu ya cika masa baki ya makara.

An gwada horon a kumbon Amurka a 1985 da 1992, amma a kan mutane ƙalilan, kuma ba kowa ya amfana daidai ba. Wannan dalilin ƙara gwaji ne, kuma gwajin bai fi ƙarfin tsangayar koyon likitanci a Bauchi ko Gombe ba: kujera mai juyawa, na'urar auna bugun zuciya ta yatsa, da ɗalibai masu sa kai.

Kafin nan, fasinjan da ke riƙe da leda tun daga tasha ya nemi kujerar gaba, ya ajiye waya, ya jingina kai, ya kafe ido can nesa a kan titi, ya riƙa numfashi da ciki kamar sau 6 a minti tun kafin mota ta tashi.