Abin tsoro a daren Halowin yana kan titi

Duk ranar 31 ga Oktoba, da magariba ta gabato, yaran Amurka da Kanada kan yi shigar dodanni da mayu da fatalwa, su bi gida-gida da 'yan jakunkuna ana zuba musu alewa. Wanda ya taso yana kallon tashe cikin azumi ba zai ga baƙon abu ba. Iyayen can kuwa duk shekara fargabarsu ɗaya ce, kada wani mugu ya sa wa alewar guba ko ya cusa reza cikin tuffa. Akwai ma asibitocin da suka riƙa haska alewar yara da na'urar hoton ƙashi.

A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Joel Best, masanin zamantakewa a Jami'ar Delaware, ya kwashe shekaru da dama yana bin diddigin waɗannan labarai, bai samu yaro ko ɗaya da baƙo ya kashe da alewar Halowin ba. Shari'ar da ta fi tayar da ƙura, wadda aka yi a Texas bayan Halowin na 1974, uba ne da kansa, Ronald O'Bryan, ya ba ɗansa guba don ya ci kuɗin inshora.

Mota ce ke ɗauke yaran. Wani bincike da mujallar JAMA Pediatrics ta wallafa ya duba alƙaluman Amurka daga 1975 zuwa 2016, ya gano cewa haɗarin mota ta kashe mai tafiya a ƙasa yana ƙaruwa da kashi 43 cikin 100 a wannan dare. Ga yara 'yan shekara 4 zuwa 8 kuwa, haɗarin ya ninka sau goma. Dalilin a fili yake. Duhu ya fara, yaro sanye da baƙaƙen kaya, abin rufe fuska ya tsare masa gani ta gefe, doguwar riga tana harɗe shi, ya hango abokansa a tsallaken titi, sai ya ɓullo a guje daga tsakanin motocin da aka ajiye. Direban kuma ƙila daga wurin shagali yake, ya yi tatil.

Shawarwarin da ake ba iyaye suna da kyau: a shafa wa yaro fenti a fuska maimakon rufe ta, a manna masa ƙyalle mai ƙyalli, a ba shi tocila, babba ya riƙe hannun ƙanana. Sai dai duk an jibga nauyin a kan yaro da mahaifiyarsa, alhali ɗan shekara biyar bai iya auna gudun mota ba, ko da ya rataya fitila goma.

Shi ya sa na fi gamsuwa da matakin birnin New York, wanda tun 2022 yake rufe wasu titunan unguwanni ga motoci a ranar. Masu motoci za su yi ƙorafin zagaye, kuma ban ce ba su da hujja ba, akwai mai sauri zuwa aikin dare. Amma zagayen na 'yan sa'o'i ne, sau ɗaya a shekara, a titunan da yaran unguwar ke cika maƙil.