Wa Ke Amfana Da Ɓoye Albashi?

Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, Kano kuma ta ce nata 71,000 ne, wata ɗabi'a ta ƙara kama ƙasa a makarantun kuɗi da ƙananan kamfanoni. Sabon ma'aikaci ba ya yarda da tsohon farashi, sai a ɗauke shi da albashi mai ɗan tsoka. Wanda ya yi shekara da shekaru a wurin kuwa a bar shi inda yake, sannan a ja kunnen kowa: kada a ji kuna zancen albashi a tsakaninku.

Jan kunnen bai ba ni haushi ba kamar masu tayawa. Da malama ta gano cewa wadda aka ɗauka jiya, wadda ita ke nuna mata yadda ake tsara darasi, ta fi ta albashi, sai a taso mata da nasiha: rabon kowa daban, ki gode Allah, wasu ko aikin ba su samu ba. Godiya wajibi ce, amma yaushe ta haramta ciniki? Mai wannan nasihar in ya shiga Kantin Kwari ba ya biyan kuɗin shadda sai ya ji yadda ake sayarwa a shago uku. Sai a kan gumin talaka ne tambayar farashi ta zama hassada. Addinin da ake fakewa da shi ma cewa ya yi a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe.

Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce aiki iri ɗaya, albashi iri ɗaya, ba tare da nuna bambanci ba. Sai dai yana cikin Babi na 2, wanda ba a tilasta shi kai tsaye a kotu. Dokar mafi ƙarancin albashi kuma ta tsame wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, can ne kuwa aka fi cin zalin. To me ya rage wa ma'aikaci in ba sanin abin da ake biyan na kusa da shi ba? Shi kuma ake so a ƙwace.

Masu makarantu za su ce dizal ya yi tsada, iyaye ba sa biya a kan lokaci, amma kuɗin da aka samo aka ba sabon ai daga asusun nan ya fito.

Inda ma'aikata ke cutar kansu shi ne huce haushi a kan abokin aiki, ko shiga ofis da "wane ya fi ni". Nan take shugaba zai mayar da maganar ta koma wa ya fasa ƙwai, a tashi ba ƙari sai gaba. A shiga da yawan azuzuwan da ake ɗauka, da sakamakon ɗalibai a WAEC, da hauhawar farashin da hukumar ƙididdiga ta ce ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. A faɗi adadin da ake so, kuma kada a yarda da "za mu duba", a nemi rana a rubuce. In za a shiga mutum biyar tare ya fi, domin korar mutum biyar a tsakiyar zangon karatu ba abu ne mai sauƙi ba. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC kuma, da ba a cika jin ɗuriyarta ba sai rikici ya shafi ma'aikatan gwamnati, ta leƙa makarantun kuɗin da ke bayan ofisoshinta.