Wa Ke Ci a Ƙarshe? Nasiha Kan Abincin Zumunci

'Yan'uwa cikin Almasihu, alheri da salamar Ubangijinmu Yesu su tabbata a gare ku. Kaka ta yi, gero da dawa sun shiga rumbu, kuma daga Katsina har Malumfashi da Funtuwa ikilisiyoyi sun fara shirin sujadar godiya, ga Kirsimeti kuma tafe. Lokaci ne na ɗora manyan tukwane a harabar majami'a domin a ci tare, shi ya sa nake so mu yi wa kanmu nasiha game da yadda muke raba wannan abinci, da kuma waɗanda suke shan wahalar dafa shi.

Duk wanda ya saba zuwa irin wannan taro ya san yadda yake gudana. Tun kafin gari ya waye 'yan Zumuntar Mata sun hura wuta, wata tana tsince shinkafa, wata tana jajjagen tattasai da attaruhu, wata dattijuwa kuma ta kama muciya da hannu biyu tana tuƙa tuwo, hayaƙin ɗanyen itace yana sa ta hawaye. Yawancinsu ba za su ji wa'azin ranar ba, sai ɗan abin da lasifika ta jefo musu ta taga. Da an tashi daga sujada sai a jera wa teburin gaba kuloli masu cinyoyin kaji da lemo mai sanyi domin manyan baƙi da masu ba da gudummawa mai tsoka, sauran jama'a kuwa su yi layi cikin rana. Kafin layi ya iso kan yara da gwauraye nama ya ƙare, miya ta koma ruwa, masu girkin kansu kuma ƙanzo ne rabonsu, shi ma a tsaye za su ci, domin tulin wanke-wanke yana jiransu. Ba wanda ya shirya haka da mugun nufi, sabo ne kawai, amma sabo ne da Littafi Mai Tsarki ya daɗe da tsawatarwa a kansa.

A 1 Korantiyawa 11:17-34 manzo Bulus ya gaya wa ikilisiyar Koranti cewa taruwarsu ta fi jawo ɓarna a kan gyara, kuma abin da ya kafa hujja da shi shi ne halinsu a wurin cin abinci: kowa yana riga ɗan'uwansa ci, wani ya tashi da yunwa, wani kuwa har ya bugu. Ya ce yin haka raina ikilisiyar Allah ne da kunyata waɗanda ba su da komai. Ayoyin da fasto yake karanta mana duk ranar Jibin Ubangiji, game da gurasa da ƙoƙo, a tsakiyar wannan faɗa suke, ko da yake ba kasafai muke karanta abin da ke gabansu da bayansu ba. Maganin da Bulus ya bayar a aya ta 33 kuwa ba ya bukatar kwamiti ko kuɗi, cewa ya yi idan sun taru domin ci, su jira juna.

A nan maganata da maza take. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci a rabon abinci na yau da kullum, manzanni ba su ce wannan ƙaramar magana ce ta madafa ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi maza bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, aka yi musu addu'a, aka ɗibiya musu hannu, sannan aka danƙa musu rabon. Istifanas, wanda aka fara kashewa saboda sunan Yesu, yana cikinsu. To, idan mutum irin Istifanas bai fi ƙarfin raba wa tsofaffin mata abinci ba, ina dalilin da zai sa ɗan ƙungiyar maza ya zauna cikin babbar riga yana jiran yarinya ta durƙusa ta zuba masa ruwan wanke hannu, alhali ga itace yana neman mai faskarawa, ga jarkoki babu ruwa? Girman kai rawanin tsiya ne, ko a majami'a aka naɗa shi.

Ubangiji da kansa bai bar mana wurin fakewa ba. Luka 22 ya nuna cewa a daren da aka bashe shi, a kan teburin abinci, almajirai suna gardamar wane ne babba, shi kuwa ya ce yana cikinsu kamar mai hidima. Yohanna 13 ya ƙara da cewa ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafunsu, har da na Yahuza wanda ya bashe shi. Ba ina cewa a daina girmama dattawa da baƙi ba ne, domin ladabi ne mai kyau, kuma a kansa muka tashi. Amma a gidan Bahaushe ana kai wa maigida akushinsa da fari, shi kuwa ba ya suɗe shi, yakan rage tsoka ya kira autan gida ya miƙa masa. Dattijon ikilisiyar da aka fara zuba wa, hakkinsa ne ya tambaya ko abincin ya kai ƙarshen layi kafin ya sa hannu.

Hidima kuma ba ta ranar biki kaɗai ba ce. Tarihin bishara a ƙasar Katsina ba zai cika ba sai an ambaci Babbar Ruga da ke kusa da birnin Katsina, inda ma'aikatan ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) suka kama jinyar masu cutar kuturta tun a shekarun 1930, aikin wanke gyambo da ɗaure shi kowace safiya. Magadansu a yau su ne wanda yake share majami'a ranar Asabar ba tare da an sanar da sunansa a bagade ba, da wadda take wanke makewayi, da saurayin da yake ɗauko tsohuwa a kan babur kowace Lahadi ya kuma mayar da ita gida.

Saboda haka ina roƙon dattawa da shugabannin Zumuntar Mata su zauna tun yanzu su daidaita rabon bana. A fara ɗiban kason masu girki da maigadi a rufe a ajiye, a sa yara da gwauraye a gaban layi, matasa maza kuma su karɓi wanke-wanke. A tuna da iyalan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Faskari, waɗanda kunyar rashin ankon biki za ta iya hana su zuwa. Irinsu sai an taka har inda suke an gayyace su, gama Luka 14:13 ya ce idan za mu yi biki mu kira matalauta da guragu da makafi. Marasa lafiya da ke kwance a gida ko asibiti a zuba musu a langa a kai musu tun da zafinsa. Maƙwabtanmu Musulmi kuma, waɗanda suke aiko mana da naman layya da Babbar Salla, a kai musu nasu cikin kwano mai kyau, kajin kuwa a ba Musulmi ya yanka tun farko domin su ci hankali kwance.