Likitan da bai iya magana da mara lafiya ba, da sauransa a karatu

Wallahi tun jiya da na karanta abin da wata yarinya ta rubuta kan yadda wani likita ya faɗa wa mahaifinta cewa yana da ciwon daji raina yake a ɓace, kuma abin da ya ƙara tunzura ni masu zuwa ƙasan rubutun suna cewa wai ai likitan gaskiya ya faɗa. To wa ya ce ƙarya ya yi? Dattijo yana kwance, 'ya'yansa na tsaye a kansa, masu jinyar gadon kusa duk sun kasa kunne, ka ɗaga takardar gwaji ka juya wajen ɗalibanka ka yi ta zuba musu Turanci kamar mutumin ba ya wurin, sannan ka waiwayo ka ce Baba ai an makara, ciwon daji ne ya riga ya ci jiki, ku tafi gida kawai a yi ta addu'a, ka wuce gado na gaba. Haba dokta. Haba don Allah. Yarinyar ta ce tun daga ranar tsohon bai ƙara yarda ya sa abinci a bakinsa ba, kuma har yanzu akwai masu ganin babu abin da aka yi ba daidai ba.

Ni ban ɗauki likitan nan mugun mutum ba, kuma ba na cikin masu cewa a kore shi. Abin da na gani mutum ne da aka koya wa komai a kan ciwon, aka bar shi bai san komai a kan mai ciwon ba. Shekara 6 yaro zai yi a makarantar likitanci, ya yanka gawa a anatomi, ya haddace sunan kowace jijiya da kowane ƙashi, ya sha baƙar wahalar fisiyoloji da bayokemistiri, jarrabawar MBBS ta digirin likitanci ta kayar da wasu ta kori wasu, ya shiga asibiti ya zaga ɓangaren yara da na mata da na tiyata, ya gama ya yi shekara guda ta koyon aiki, ya tafi bautar ƙasa. A duk wannan doguwar tafiyar sau nawa aka zaunar da shi aka ce yau za mu koyi yadda tsoro yake toshe wa mutum kunne? Sau nawa aka ce darasin yau shi ne abin da yake faruwa a zuciyar uwa idan aka ce mata ɗanta sikila ne, ko me ya sa magidanci zai ɓoye wa likita cewa ya samu rauni wajen iyali har sai abin ya ci ƙarfinsa? Ilimin halayyar ɗan Adam nake nufi, saikoloji, kuma ba mai zurfi ba ma, na farko-farko. A koya wa ɗaliban likita shi, a yi musu jarrabawa a kai, wanda ya faɗi ya maimaita. Maganata ke nan.

Na san za a ce ai ana yi, akwai 'yan makonnin da ake tura su ɓangaren masu taɓin hankali. Ku bar wannan zancen. Wancan koyon cututtukan ƙwaƙwalwa ne da magungunansu, yana da amfaninsa, amma mai hawan jini da mai naƙuda da wanda za a yanke wa ƙafa ba masu taɓin hankali ba ne, kuma kowannensu da fargabarsa ya shigo. Inda ma aka saka 'yan lakcoci a takarda, ɗalibi ya san ko ya je ko bai je ba, ba su ne za su hana shi zama likita ba. Ɗalibin likita fa ba wawa ba ne, abin da zai kayar da shi shi yake kwana karantawa.

Kuma wannan abu an auna shi, ba shaci-faɗi ba ne. A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, suka ɗauki muryar likitoci suna ganin marasa lafiya, sai suka tarar matsakaicin lokacin da ake barin mutum ya yi bayanin abin da ya kawo shi kafin a katse shi sakan 18 ne. A Amurka ke nan, inda babu layin mutum ɗari a bakin ƙofa. An kuma nuna cewa marasa lafiya suna manta kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na bayanin da likita ya yi musu nan take, tun ba su kai gida ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2003 ta ce masu ciwon da ake daɗewa ana shan magani, irin su suga da hawan jini, kusan rabi ne kawai suke sha yadda aka ce a ƙasashen da suka ci gaba, a irin namu kuma abin ya fi haka muni. To yanzu ka kawo wannan gida. Hajiya ta zauna gaban likita sa'an jikanta, kunya da kwarjinin farar riga sun hana ta tambaya, duk abin da ya ce sai ta ce to likita, to likita. Ta sha maganin hawan jini wata guda, ciwon kai ya tafi, ta ajiye don a saninta magani ana shan sa ne a warke. Babu wanda ya gaya mata wannan na har abada ne, ko an gaya mata cikin sauri tana tunanin kuɗin mota. Bayan shekara a kawo ta ɓarin jiki ya shanye, a ce ai mutanenmu ba sa bin doka. Alhali da an koya wa likitan ya ce Hajiya maimaita min yadda za ki sha in ji ko na yi bayani da kyau, da a nan zai gane ba ta fahimta ba. Wannan 'yar tambayar ma darasi ce da ake koyarwa, saikoloji ce.

Sai kuma wanda ya fi damuna. Mu Hausawa ba kasafai mutum zai zo asibiti ya ce ina cikin damuwa ba. Da jiki muke kawo ƙarar zuciya. Zai ce wani abu na yawo a jikina, kaina na ɗaukar zafi, ƙirjina ya yi nauyi, gabana na yawan faɗuwa, ba na barci. Sai a tura shi gwajin taifot da maleriya, a rubuta allurai, bayan sati uku ya dawo, a sake rubuta wasu. Matar da aka saka da 'ya'ya huɗu, mai jegon da take kuka ba ta san dalili ba har ta tsani jaririnta, manomin da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu a Zamfara ko Katsina ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba, duk taifot ne? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya gaba ɗaya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau ba za su ɗauke wannan nauyin ba, kuma yawancin mutanen nan ko da kuɗi aka haɗa su ba za su je can ba don gudun a ce sun haukace. Wajen likitan gama-gari za su zo. Shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don ma'aikacin lafiya na yau da kullum ya iya gane waɗannan matsalolin. Mun yi murna a Janairun 2023 da Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, aka rabu da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, to amma wa zai yi aiki da dokar idan wanda mara lafiya zai fara gani ba a koya masa ya tambayi yaya gida, yaya barci ba?

Muna ta zagin mutane wai sun fi son boka da mai maganin gargajiya. Ku je ku ga yadda mai magani yake karɓar mutum. Zai shimfiɗa masa tabarma, ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya bar shi ya faɗi labarinsa tun daga farko har ƙarshe, ya ba shi dalilin ciwon da zai shiga kansa ko da dalilin ƙarya ne. Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, shi kuwa duka biyun yake yi. Mu muna da maganin gaskiya, shi yana da kunne, kuma kullum shi yake kwashe mana mutane har sai ciwo ya ci jiki a kawo su asibiti a ce an makara. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane wannan tun 1954 a Aro ta Abeokuta, ya zaunar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, ya yi aiki da masu maganin gargajiya, duniya ta zo tana koyo a wurinsa har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Ɗan ƙasar nan ne fa.

Masu cewa ai hali ne, wanda Allah bai ba tausayi ba ba za a koya masa a aji ba, ban yarda ba ko kaɗan. Ba a haifi kowa da iya ɗinkin tiyata ba, koya masa aka yi. Faɗar mummunan labari ma yana da matakansa a rubuce, likitoci su Baile da Buckman suka tsara su a 2000, ana kiran tsarin SPIKES. Ka samu wuri a keɓe ka zauna, kar ka tsaya a kan mutum. Ka tambaye shi me ya fahimta game da ciwon nasa, ka ji iya abin da yake so ya sani da wanda yake so ya zauna tare da shi, ka faɗa masa kaɗan-kaɗan da kalmomin da zai gane, ka yi shiru ka bar shi ya yi salati ko ya yi kuka, sannan ka gaya masa abin da za a yi daga nan. Kuma kullum akwai abin da za a yi, ko ba za a warke ba ana kashe raɗaɗi, ana sa mutum ya samu barci, ana gaya wa iyali abin da za su gani. Wanne ne a cikin nan yake buƙatar na'ura ko dala?

Masu cewa tsarin Turawa ne kuma, to Abu Zaid al-Balkhi da ya rasu a 934 miladiyya ya yi rubutu a kan lafiyar jiki da ta rai tare, ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi da yadda ake magance su da magana, shekara dubu kafin likitan Amurka George Engel ya rubuta a 1977 cewa likita ya dubi jiki da zuciya da zamantakewa gaba ɗaya. Manzon Allah (SAW) idan ya je duba mara lafiya cewa yake La ba'asa, ɗahurun in sha Allahu. Mu ya kamata mu fi kowa iya wannan. Ingila ta sa iya magana da mara lafiya cikin abin da dole ɗalibin likita ya koya tun 1993, Amurka kuma daga 2015 ko jarrabawar shiga makarantar likitanci sai ka amsa tambayoyin saikoloji. Mu muna nan muna musu ko yana da amfani.

'Yan uwana likitoci, na san halin da kuke ciki kuma wallahi ina tausaya muku. Kwana a asibiti ba barci, albashin da bai kai ya kawo ba, abokan aiki sun tafi Saudiyya da Ingila sun bar muku layin da ba ya ƙarewa, ga dangin mara lafiya da za su iya kai maka duka. Amma maganar ba lokaci ba ta karɓu ba. A Basel ta ƙasar Suwizalan an gwada a 2002, aka bar marasa lafiya su yi magana ba a katse su ba, matsakaici sakan 92 suka yi suka gama da kansu. Minti ɗaya da rabi. Wanda ka katse shi ne zai dawo maka sau uku da ciwon da ba ka gano ba. Kuma ilimin nan ku zai fara yi wa amfani, don shi zai sa likita ya gane lokacin da gajiya ta fara ƙeƙasar masa da zuciya. Binciken Hojat na 2009 a Philadelphia ya nuna tausayin ɗaliban likita yana raguwa ne daidai shekarar da suka fara shiga wajen marasa lafiya. Yaro yana shigowa da zuciyarsa mai kyau, sai ya ga babban likita yana tsinka shi a gaban mara lafiya, yana kiran mutum da lambar gado, ya ɗauka haka ake zama babba. Idan ba a koyar a aji ba, to ana koyar da kishiyarsa kullum a bakin gado.

Don haka MDCN, hukumar kula da aikin likitanci, da NUC, hukumar kula da jami'o'i, ku kuke da iko a kan manhaja. Ku sa shi tun shekara ta biyu tare da anatomi, ya bi ɗalibi har ya gama, a kawo mutum ya zauna a matsayin mara lafiya ɗalibi ya faɗa masa sakamakon gwaji malamai suna kallo suna ba da maki, kuma a Kano da Zariya da Sakkwato a yi shi da Hausa, don da Hausa za a yi aikin. Wanda ya faɗi ya maimaita.

Af, tunda na ambaci Hausa, wannan ɗabi'ar ta kama yaro ɗan firamare a mai da shi tafinta tsakanin uwarsa da likitan da ba ya jin yaren ita ma ta ishe ni. Mace ta zo da matsalar jini ko yoyon fitsari, a ce ɗanta ya fassara, ta ina za ta buɗe baki? Cewa za ta yi ciwon ciki ne kawai, a rubuta maganin olsa ta tafi. Ga ɗakin ganin likita tebur biyu ba ko labule, kana faɗin sirrinka maƙwabcinka na bayanka yana ji. Nawa ne kuɗin yadin labule a Kantin Kwari?